Gargaɗi ga masunta: ku auna batirin kafin ku biya

'Yan uwa masu fita su da ƙaramin jirgi, ku yi hattara da masu tallan "cikakken saiti" a intanet: batir, wayar wuta, fiyus da na'urar gano kifi a kwali ɗaya. Ni dai an yi mini sakiyar da ba ruwa.

A jikin batirin an manna takarda mai cewa 100Ah, wato yawan wutar da yake riƙewa (amfiya sau awa), wai irin wanda ake zuƙewa a sake caji ne. Mai kayan har bidiyo ya turo, mita tana nuna volt 12.7. To, wannan lamba cikar caji kawai take nunawa, ba ta faɗin yawan wutar da batir ke riƙewa. Kofi ma idan ya cika ai cikakke ne. Fitata ta biyu injin lantarkin da ke tura jirgin ya fara nishi, allon na'urar ya ɗauke, na dawo gaɓa da filafili bayan duhu ya yi.

Da na ɗora shi a sikeli sai ga kilo 16. Batirin dalma mai 100Ah na gaske yana kai kilo 25 zuwa 30, domin dalmar ce ke riƙe wutar. Na ɓare takardar, ashe batirin tayar da mota ne, wanda aka ƙera don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, ba don jan inji na awanni ba. Gwajin ba wuya: kwan fitilar mota mai wat 60 yana jan kusan amfiya 5, don haka ya kamata ya yi wajen awa 20 a kunne. Nawa a awa bakwai ya dushe.

Wayar ce ta fi ba ni tsoro. Ta jirgi ta gaskiya jan ƙarfe ce da aka shafa wa kuza don kada ta ci tsatsa, fara a waje, ja a ciki. Tawa kuwa ja a waje, da na kankare da wuƙa sai fari fat, alminiyam ne aka yi wa kwalliya. Irin wannan tana zafi idan inji ya ja wuta da yawa, damshi kuma yana cinye ta a bakin mahaɗa, ga ka a tsakiyar ruwa, wani ma da jarkar fetur a gefen ƙafarsa.

Na koma neman mutumin, shafin ya ɓace. Bayan sati biyu na ga hotunan nan dai, har da bidiyon mitar, a ƙarƙashin sabon suna.