Shagon tura kuɗi na bakin Kasuwar Dole

Jama'ar Damagaram, in za ku aika kuɗi ƙauye ku gwada ƙaramin shagon nan na bakin Kasuwar Dole, wallahi yaron yana da amana, kuɗin aiki a rubuce jikin bango ba ƙarin ko dala, ya ƙirga a gabanka ya miƙo resi. Wasu na jin haushi wai sai ya nemi katin ɗan ƙasa, to ai doka ce, BCEAO, wato babban bankin ƙasashenmu masu kuɗin CFA, ke sa ido kan tura kuɗi ta waya, kuma tun 2015 ta ɗora wa kamfani alhakin abin da wakilinsa ya yi, ni hakan ya kwantar min da hankali. Matsalarsa guda, ranar kasuwa tsabar kuɗi kan ƙare mai kafin la'asar, ga rezo na yankewa, don haka ku je da safe.