Jar giyar ganga ta Beljiyam: wacce kwalba za ka fara ɗauka?

Wannan magana ta masu shan giya ce, dan duk abin da zan ambata barasa ce sosai. In ka shiga shagon giya a Beljiyam ka tsaya gaban layin jajayen giyan Filandas, wato yankin arewacin ƙasar, abin da zai fi taimakonka ba kyawun kwalba ba ne kuma ba farashi ba, tambaya ɗaya ce: nawa ne tsohuwa a ciki, nawa ne sabuwa? Dan yawancinsu haɗi ne, ana ɗebo wadda ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu a gangar itacen oak a gauraya ta da wadda ba ta daɗe ba, kuma gwargwadon yawan tsohuwar shi ne gwargwadon tsamin da zai same ka.

Tsamin nan fa da gangan ne, ba lalacewa ta yi ba. Duk wanda ya san burukutu ko ya taɓa barin gasara ta kwana biyu ya san irinsa, dangin ƙwayoyin halitta ɗaya ne ke yin aikin, sai dai a nan ganga tana ƙara nata, iska na ratsa katako a hankali tana kawo ɗan kaifi irin na ruwan khal, shi kuma itacen yana ba da ƙamshinsa da ɗan bauri a baki.

Rodenbach ce uwar gidajen da ke yin irin wannan giya, tana garin Roeselare tun 1821, suna da manyan ganguna 294 a tsaye da ake kira foeder, wasu ma sun haura shekara ɗari da hamsin. Ƙarama a cikin giyoyinsu ita ce Classic, kashi uku cikin huɗu sabuwa kashi ɗaya tsohuwa, ƙarfin barasarta 5.2 cikin ɗari. Tsaminta mai ladabi ne, tana kashe ƙishi, mutanen bakin tekun can suna shan ta da ƙananan jatan lande da suke ɓarewa da hannu. In ba ka taɓa shan giya mai tsami ba to nan za ka fara, kuma ita ce mai sauƙin kuɗi.

Amma ni a raina Grand Cru ce kwalbar da ta fi cancantar kuɗin mutum a duk layin. An juya lissafin, kashi biyu cikin uku tsohuwa ce da ta shekara biyu a ganga, ƙarfinta 6. Ka zuba ta ka ɗaga kofin wajen haske, za ka ga ja mai duhu kamar zoɓon da aka dafa da kauri, kumfarta ba fara tas ba kuma ba ta daɗewa, kai hanci za ka ji kamar ceri da busasshen inabi alhali ba a saka ko ƙwaya ɗaya ta 'ya'yan itace ba, duk daga tsiron sha'ir ne da zaman ganga. Kurɓar farko tana kama gefen harshe kamar ka tsotsi tsamiyar biri, kar ka yanke hukunci a nan, jira ta biyu da ta uku lokacin da yawu ya tsinke, sai ɗan zaƙin ya taso daga ƙasa kuma ƙarshenta ya bar baki a bushe kana son ƙari. Akwai kuma Vintage wadda ba haɗi, ganga ɗaya suke zaɓa su ɗura a babbar kwalba, ƙarfi 7, ta fi tsada, wannan ta ranar da kake da abokin sha ce.

Duchesse de Bourgogne ita ce wadda ido ke fara kaiwa saboda hoton matar da ke jikin kwalbar, sunan sarautar Mariya mai mulkin yankin Bargandi ta ci, wadda ta rasu a 1482 bayan ta faɗo daga doki. Gidan Verhaeghe ke yin ta a Vichte, haɗin mai wata 8 da mai wata 18, ƙarfi 6.2. Gaskiya tana da zaƙi, kuma kaifin khal ɗinta ya fi fitowa a hanci, zaƙi da tsami kowa na jan nasa. Akwai masu mutuwar son ta, ni dai rabin kofi ya ishe ni sai ta fara gundura ta, amma in kai mai son zoɓo da sukari sosai ne wataƙila ita za ka fi so.

Sai Cuvée des Jacobins Rouge ta gidan Omer Vander Ghinste a Bellegem, wata 18 a ganga, ba a sirka ta da sabuwa ko kaɗan, ƙarfi 5.5. Wannan ba ta lallashi. Tsami ne tsantsa mai tsabta da zai sa ka runtse ido, kar ka ba sabon shiga ita a matsayin ta farko dan za ka kore shi ne gaba ɗaya, amma wanda bakinsa ya saba zai gode maka.

A kula da abu biyu a kan shiryayyen. Liefmans Goudenband ta Oudenaarde tana da kyau, sai dai wani nau'i ne daban, launinta ruwan ƙasa ne kuma a tankin ƙarfe take tsufa, in ƙamshin katako kake nema ba ita ba ce. Haka masu 'ya'yan itace irin Rodenbach Alexander, a cikinsu an saka ceri da gaske, ka bari sai ka san ɗanɗanon asalin tukuna.

Kuskuren da na yi a farko shi ne shan ta kai tsaye daga firji, sanyi ya danne ƙamshin sai tsamin kaɗai ya rage. Fito da ita ta yi kamar minti goma sha biyar a tebur, ka nemi kofi mai faɗin ciki irin na ruwan inabi, kar ka cika shi, kuma ka ajiye wani abu mai maiƙo a kusa, cuku ko gasasshen nama, tsamin yana wanke kitsen daga baki. In aljihu na kwalba biyu ne kawai, ɗauki Classic da Grand Cru ka zuba su kusa da juna, gida ɗaya ganguna ɗaya, bambancin tsohuwar ne kaɗai, daga nan za ka san ko Jacobins za ka nufa ko Duchesse.