Farantin alminiyum 5052 a rufin ƙaramar tirelar kwana: yana da kyau, amma ba shi ke tare ruwa ba

Duk wanda ya zauna haɗa ƙaramar tirelar kwana da hannunsa, irin mai siffar ɗigon hawaye da ƙaramar mota ke iya ja, zai iso ranar da dole ya yanke shawarar abin da zai lulluɓe rufin da shi. Ni farantin alminiyum na ɗora, samfurin 5052-H32, kaurinsa inci 0.040, wato milimita 1 da ɗan ɗoriya, faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 10. Ya sha rana, ya sha ruwa, ya sha girgizar hanya, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Alminiyum shi ne tufafin wannan tirela na asali. A Amurka aka fara yayinta a shekarun 1930, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 aka riƙa lulluɓe ta da ragowar alminiyum ɗin jiragen yaƙi. Har yau idan mutum ya rufe ido ya tuna ta, wannan farin ƙarfen mai walƙiya yake gani. Ba zan ɓoye ba, kyan nan ne ya fara ja na, sauran dalilan daga baya na nemo su.

Lambar da ke jikin farantin ba ado ba ce. Samfurin 5052 yana da magneziyam kusan kashi 2.5 cikin ɗari, yana jure ruwa har na gishiri, kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Samfurin 3003 ya fi shi laushi, ya fi saurin lotsewa. Shi kuwa 6061-T6 ƙarfi gare shi amma ba ya son lanƙwasa mai tsanani, yana iya darewa a inda aka karya shi. Rufin irin wannan tirela kuwa lanƙwasa ce tun daga goshi har wutsiya. Nauyin farantin duka bai wuce kilo 10 da wani abu ba, mutum biyu sun ɗaga shi cikin sauƙi, sai dai kada a gwada ranar da ake iska. Gefensa kuma yana yanka kamar reza, a sa safar hannu.

Ga yadda rufin yake daga ciki zuwa waje, don a gane inda farantin ya zauna. Akwai silin na filawud mai kaurin milimita 3. Bisansa akwai katakan da suka gitta daga bango zuwa bango, tazarar kusan ƙafa ɗaya tsakaninsu, na ƙara matse su a goshi inda lanƙwasar ta fi tsanani. Tsakanin katakan na cusa allon kumfa mai tauri don tare zafi da sanyi, na tsattsaga bayansa da wuƙa don ya bi lanƙwasar. Sannan wani filawud ɗin na milimita 3 a waje. Alminiyum shi ne na ƙarshe.

Wannan filawud na waje shi ne ainihin rufin, kuma a nan ne nake saɓa wa masu cewa da zarar an ɗora ƙarfe an gama da maganar yoyo. Ruwa ba ya ratsa tsakiyar faranti, gaskiya ne. Amma ba ta tsakiya yake shiga ba dama. Ta ramin sukuru yake shiga, ta gefen da rufi ya haɗu da bango, ta bakin fankar da ake sakawa a rufi, ta patar ƙofar kicin ta baya. In ya shiga kuwa, alminiyum ɗin da ya kamata ya kare katakon shi zai hana shi bushewa. Filawud ya yi ta ruɓewa a ɓoye, daga waje tirela tana ƙyalli, mai ita bai sani ba sai ranar da ya danna rufin ya ji ya yi laushi. Shi ya sa kafin farantin ya hau na shafe filawud ɗin da ifoksi, wani ruwan gam da ke daskarewa ya hana ruwa ratsa katako, shafi uku, na fi ba gefuna ƙarfi, domin bakin filawud yana tsotsar ruwa fiye da fuskarsa nesa ba kusa ba. Shafin farko katakon ya shanye shi tas, wurin ya koma busasshe kamar ba a taɓa shi ba. Sai a na uku ya fara sheƙi. Kowane ramin sukuru ma sai da na huda shi, na ɗiga ifoksi a ciki, sannan na ɗaura.

Abu na biyu da mai saye ya kamata ya sani: wannan ƙarfen yana motsi. Alminiyum yana miƙewa kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka lissafa faranti mai tsawon mita 3 tsakanin sanyin asuba da zafin da ƙarfe ke ɗauka da tsakar rana, bambancin digiri 50 ba abin mamaki ba ne, sai ka samu milimita 3 da rabi. Katakon da ke ƙarƙashinsa ba ya miƙewa haka. Wanda ya shafa gam ya manne farantin gaba ɗaya, wata rana gam ɗin zai saki a wasu wurare ya riƙe a wasu, rufin ya yi kumburi nan da can, kuma ba ya gyaruwa sai an ɓanɓare. Ni ban sa gam ko ɗigo ba. Na shimfiɗa shi, na ɗaure da bel ɗin ɗaure kaya guda huɗu, na fara daga ƙasan goshi ina matsawa a hankali har ya kwanta. Abin da ke riƙe shi su ne ƙarafan gefe da ake ɗaurewa da sukuru inda rufi ya haɗu da bango, da firam ɗin fanka, da patar baya. Da rana in ka kwanta a ciki za ka ji yana ɗan ƙas-ƙas yana neman wuri, da yamma ya koma. In rana ta take sosai akan ga ɗan tudu a tsakiyar rufin, ya ɓace in gari ya yi sanyi. Wanda wannan zai hana shi barci, to alminiyum ba nasa ba ne.

Ƙarƙashin ƙarafan gefe tef ɗin butil na sa, wannan mai danƙo da ba ya bushewa. Idan ka ɗaure sukuru za ka ga ya bulbulo ta gefe, alamar ya cika wurin ke nan, sai ka bi da wuƙar roba ka kankare. Silikon kuwa a bar shi a bandaki. Yana sakin ƙarfe bayan wani lokaci, kuma inda ya taɓa zama babu abin da zai sake kamawa da kyau, har shi kansa sabon silikon ɗin.

Ramin fanka inci 14 ne kowane gefe, shi ne ma'aunin da aka saba. Yanke shi shi ne lokacin da gabana ya fi faɗuwa, domin faranti ɗaya gare ni. Na manna tef ɗin takarda a kan layin don gindin zarton lantarki kada ya karce ƙarfen, na huda kusurwoyi huɗu, na yanka. Yana yankuwa lafiya da ruwan zarto mai ƙananan haƙora. A share ɓurɓushin nan take, in ya shiga tsakanin ƙarfe da katako zai yi ta gurzar ifoksin.

Yanzu aibinsa. Yana lotsewa, ƙanƙara ko reshen bishiya ko gwiwar hannun wanda ya jingina yana wanke fanka duk sukan bar shaida, kuma ba a cike lotsawa a ƙarfen da ba a yi wa fenti ba. Walƙiyar da ta ja ni ba ta daɗe ba, ya dusashe ya koma toka-toka, ruwan sama kuma yana jawo baƙin zane daga rufi ya gangaro bango. Mai son ƙyalli sai ya riƙa gogewa, ni na haƙura na bar shi. Ledar da ake manna masa daga masana'anta tana da amfani lokacin aiki, amma a cire ta da an gama, in rana ta gasa ta sai an yi da gaske. Sannan faɗi: ƙafa 4 ana samu ko'ina, amma wanda ya yi tirelarsa ƙafa 5 don katifa ta wadata zai sha nema, kuma kawo faranti mai wannan girma ba tare da ya karye a hanya ba wani aiki ne na daban.

Na taya wani abokina lulluɓe tasa da yadin kanbas, hanyar da ake shafa gam ɗin katako irin Titebond II, a shimfiɗa yadin, a goge shi ya kwanta, sannan a bi da fentin waje shafi da yawa. Dole in yi adalci: ta wajen tare ruwa hanyarsa ta fi tawa hikima, domin yadin yana naɗowa daga rufi ya sauko kan bango, babu ƙarfen gefe, babu jerin ramukan sukuru. Ga sauƙin nauyi, ga sauƙin gyara. Amma saƙar yadin tana nan ana gani, kuma zai riƙa sabunta fenti. Faibagilas, wato yadin zaren gilas, da aka jiƙa da ifoksi ya fi duka ba da sumul da ƙarfi, sai dai gugar sanfefa za ta cinye maka kwanaki, kuma dole a rufe shi da fenti saboda hasken rana yana lalata ifoksi. A kula kuma, ruwan faibagilas na foliyesta yana narkar da allon kumfa, ifoksi ne ba ya yi masa komai.

To zan sake saye? Zan sake, in tirelar ƙafa 4 ce kuma ina da inda zan ajiye ta a inuwa. Ba ya neman fenti, ba ya tsatsa, hasken rana ba ya cin sa, aikin da yake ba ni a shekara shi ne in zagaya da sukundireba in taɓa sukurorin gefe, in duba bakin fanka da patar baya. Wanda zai yi mai faɗin ƙafa 5, ko wanda tirelarsa za ta kwana a waje shekara da shekaru, ni kanbas ko faibagilas zan ce ya duba tukuna. Wanda kuma ya nace sai alminiyum, ya sayi ifoksin kafin ya sayi farantin.