AJOL ta yi mini rana a furojet ɗina

'Yan uwa ɗalibai na Gusau da Mafara da Ƙaura, duk mai rubuta furojet ya leƙa African Journals Online, wato AJOL, shafin intanet da ya tara mujallun bincike na Afirka. Ni kan gubar dalma nake aiki, wadda ta ɓarke a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda dutsen zinari da ake niƙawa cikin gida a inda ake girki yara na rarrafe a ƙasa. Masana sun zo daga Turai da Amurka sun ɗebi ƙasa da jini sun yi rubuce-rubuce, wasu takardun a buɗe suke, Allah ya saka musu, amma wasu kana latsawa sai ka ga an ce biya dala 30 ko 40 kafin ka karanta takarda ɗaya tak, abin da ya faru a ƙauyenku fa. Wallahi wannan yana ci mini rai.

AJOL tun 1998 aka fara ta, ba ta neman riba ba ce, ofishinta na Afirka ta Kudu. Mujallu sama da 500 ne a kai kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa. Akwai Bayero Journal of Pure and Applied Sciences, akwai Sokoto Journal of Veterinary Sciences, rubutun malamanmu ne kan ruwan rijiyarmu da dabbobinmu da gonakinmu. Ka rubuta abin da kake nema, ka buɗe, ka sauke PDF a waya ka kai shagon kwamfuta a buga maka. Ko da netuwok na ja da kyar yana buɗewa in ka yi haƙuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin nan gida ma ana ganin aikinsa. Mujallar Nature a 2021 ta sa Yuro 9,500 ga mai son takardarsa ta zama kowa ya karanta kyauta, to don Allah wane lakcara ne a Zamfara zai haɗa wannan daga albashi? Mai kuɗi ya buga, talaka ya yi ta karatun na wasu.

Sai dai ba duk mujallun ne a buɗe ba, wasu taƙaitaccen bayani kawai za ka gani, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne don haka ka nuna wa sufabaizanka kafin ka dogara da takarda. Sannan kusan komai Turanci ne ko Faransanci. Uwar da ta binne ɗanta a Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, ba ta da hanyar sanin me aka gano, ina ma malamanmu za su riƙa haɗa taƙaitawa da Hausa ko da rabin shafi ne, ma'aikatan asibitin ƙauye su karanta wa mutane.