Kantar tallar motocin wasa ta da: ta kwali, ta katako ko ta roba?

Duk wanda ya daɗe yana tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, wata rana idonsa zai bar motar ya koma kan abin da ake jera ta a kai. Waɗannan kantoci ba don sayarwa aka yi su ba. Kamfani ne ke aika wa mai shago, sabuwa ta zo a watsar da tsohuwa, shi ya sa suka fi motocin wuyar samu.

Ni dai ta kwalin Matchbox ce ta tafi da imanina. Kamfanin Lesney na Landan ya fara fitar da motocin a 1953, har jerinsu ya tsaya a lamba 1 zuwa 75. Kantar hawa-hawa ce kamar matakala, kowace mota da gurbinta da lambarta. Daɗinta ke nan: ita za ta faɗa maka abin da ba ka da shi. Gurbi guda ya zauna wayam, barci ya ƙaurace maka. Ga ta sakayau, ba ta cin wuri. Aibinta ɗaya, ba ta shiri da danshi da rana.

Akwatin katako mai gilashi na Dinky, na kamfanin Meccano da ke Libaful, yana da kwarjini, amma nauyi gare shi, gilashin kuma sai an yi sa'a ya iso lafiya. Ta roba? Ta yi rawaya, ta tsage, a wuce wurin. Ta Hot Wheels ta 1968 mai motoci 16 kuwa, a bar wa masu hannu da shuni.

Sai dai kwali shi ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma nan na sha wuta. Na taɓa sayen wata a gwanjon intanet, hoto ya yi kyau, gefenta har da duhun tsufa. Da ta iso na shinshina, ba warin tsohuwar takarda sai na sabuwar tawada. Ashe ruwan shayi aka shafa mata.

Tun daga nan ba na ciniki sai na ga hoton bayan kantar da ƙasanta. Rana ba ta cin kala daidai wa daida: gefen da ya kalli taga ya fi koɗewa, ja ne kuma ke fara tafiya. In tsufan ya zo sumul ko'ina, hannu ne ya yi shi. Dubi 'yan wayoyin da aka ɗinke kwalin da su; tsatsar gaske tana zubar da tabo a jikin takarda. Sa madubin ƙara girma: bugun zamanin da ɗige-ɗige ne a jere, na injin buga takarda na gida kamar an watsa yashi. Fitilar duba jabun kuɗi tana taimakawa, sabuwar takarda kan yi walƙiyar shuɗi a ƙarƙashinta, amma kar ka dogara da ita kaɗai.

Akwai kuma 'yar haɗi, gindi na asali, allon sama sabo. Mai sayarwa ya ce maka "a rumbun tsohon shago aka tsinto" amma ya ƙi juya kantar ya ɗau hoto, mayar da kuɗinka aljihu.