Gargaɗi kan mai sayar da sa hannun W.G. Grace na jabu

Jama'a, akwai wani mutum da yake tallar tsofaffin hotuna da wasiƙun 'yan wasan kurket na farko a intanet, yana cewa daga Bristol yake aiko da kayan, kuma ina shaida muku cewa ɗan damfara ne. Fam 850 ya karɓa daga hannuna a kan hoto ɗaya na W.G. Grace, shahararren ɗan wasan kurket na Ingila, mai ɗauke da sa hannu, kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Kada wani ya ce da ka na faɗa. Na san Grace likita ne, na san ya buga wa ƙungiyar Gloucestershire daga 1870 zuwa 1899 kuma ya rasu a 1915, na kuma tambayi mutumin nan irin tawadar da aka yi rubutun da ita. Ya aiko mini da hoto na kusa, tawada ce da ta koma ruwan ƙasa saboda tsufa, irin ta alƙalamin tsomawa, kuma har yanzu ina ganin hoton nan na kusa na gaskiya ne, na kayan wani ne ya sato. Ya ce kakansa ya yi aiki a filin wasan ƙungiyar, kuma muryarsa a waya a natse take, babu gaggawa a cikinta. Wannan muryar ce take ta dawo mini, domin a daidai lokacin da ya ce kada in biya sai zuciyata ta kwanta, a lokacin ne na yarda da shi, na tura masa fam 850.

Da na kai hoton da na saya wurin wani mai gwanjon kayan tarihi, bai daɗe yana dubawa da madubinsa ba ya ce da biro aka yi sa hannun, ya nuna mini ramin da bakin biron ya bari a takardar. Biro bai shiga kasuwar Ingila ba sai a shekarun 1940, kusan shekara 30 bayan an binne Grace. Kafin nan ma, tun kayan ba su iso ba, mai sayarwar ya yi mini tayin sa hannun Ranjitsinhji da na Victor Trumper, wasu 'yan wasan kurket na zamanin Grace, a kan ragi, ya roƙi in biya ta banki kai tsaye domin wai dandalin cinikin na intanet yana cire kaso mai yawa. Takardar shaidar da ya haɗo kuwa, shi ne ya buga ta, shi ne ya sa mata hannu. Yanzu ya rufe shafinsa, lambarsa ba ta shiga, fam 850 kuma sun tafi.

Hirarmu duka tana wayata, da rasit ɗin banki, kuma zan sa hotunansu da zarar na gama da bankin da 'yan sanda. Kada ku biya kowa a wajen dandalin ciniki, kuma ku sa masani ya riƙe kayan a hannunsa kafin kuɗi ya fita.