Hattara da mai "gyaran shafi" da ke bin 'yan kasuwa ta WhatsApp

'Yan kasuwar Birnin Kebbi, Argungu da Jega masu shafin intanet, don Allah ku karanta wannan. A gidanmu abin ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Kawuna dillalin shinkafa ne. Ni nake kula masa da ɗan shafin da muka buɗe domin masu saye daga Legas da Abuja, kuma duka-duka fejinsa 12 ne. Ina Sakkwato wajen wani biki sai wani mutum ya turo masa takarda ta WhatsApp, ja wur da ita, wai ya binciki shafin ya tarar da mahaɗai (wato linki, abin da ake latsawa ya kai ka wani feji) 340 da suka mutu, da wasu "masu guba", kuma Google zai goge shafin cikin mako guda. Amma in aka ba shi naira dubu 120 zai share su, ya ƙaro sababbi 5,000, shafin ya hau na ɗaya a sakamakon binciken Google. Kawu bai so ya dame ni ba. Ya tura kuɗin, ya haɗa masa har da kalmar sirrin shiga shafin.

Da na dawo na buɗe takardar, abin da na fara cin karo da shi a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sunan wani shagon atamfa ne na Gusau. Takarda ɗaya yake yawo da ita, suna kawai yake canzawa, wannan karon ya manta da na ƙasan. Na ce, "Kawu, shafi mai feji 12 ina zai samo matattun mahaɗai 340?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi yaro, jan nan ne ya tsorata ni."

Mahaɗi, wato linki, idan wani shafi ya yi maka shi tamkar ya ba da shaida a kanka ne, shi ya sa Google ke la'akari da shi. To shaidar da aka saya fa? Dokokin Google sun hana saye da sayar da mahaɗai don ɗaga shafi. Tun a watan Afrilun 2012 ya fito da tsarin Penguin don kama masu wannan, daga 2016 kuma galibi banza yake yi da irin waɗannan mahaɗan, kamar ba a yi su ba. Batun na ɗaya kuwa, Google da kansa ya faɗa cewa babu wanda zai iya lamunce maka shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya yi da kalmar sirrin. A ƙasan fejinmu na farko ya dasa mahaɗai zuwa shafukan caca, ya rubuta su da farin launi a kan farin fili yadda ido ba ya gani. Sai da na ja linzamin kwamfuta a wurin suka bayyana. Shafin Alhaji mai sayar da shinkafa, yana tallan caca bai sani ba! Ga dukkan alamu wasu ya sayar wa wurin, ya ci kuɗi gaba da baya.

Binciken da yake cajin kuɗi a kai, kowa na iya yinsa kyauta. Google Search Console, manhajar Google ta masu shafi, na da sashen da ke nuna shafukan da suka yi maka mahaɗi, yana kuma nuna fejin da ke ba da kuskuren 404, wato wanda aka nema ba a same shi ba. Manhajar Screaming Frog tana zaƙulo adireshi har 500 ba ko kwabo. Da na saka namu, mahaɗi biyu ne kawai suka mutu, minti biyar ban yi ba na gyara su. Akwai kuma hanyar barranta daga miyagun mahaɗai, ita ma kyauta ce, kuma Google ya ce yawancin shafuka ba sa bukatarta.

Na canza kalmar sirri, na cire masu kula da shafi guda biyu da ya ƙirƙira a ɓoye, mun kai ƙorafi banki. Kuɗi dai har yau shiru. Shekaranjiya ya sake turo wa kawu saƙo da sabuwar lamba, wai ya gano mahaɗan caca a shafinmu, a kawo dubu 60 ya cire su. Idan takarda mai jan rubutu ta shigo wayarka, ka fara duba can ƙasanta ka ga sunan wa ke ciki.